Dokar Gulbi

Bayan shagon Tasi'u mai walda, a Fagge,
tebur ɗaya, fitilar caji, sojojin dalma arba'in.
Ƙarin littafin wasan ya iso ran Laraba,
mu huɗu muka yi karo-karo, har kuɗin cefanen Mudi.

Shafi ɗari biyu, hotuna sai ka ce kalanda.
To amma, malam marubuci,
in gulbi ya kawo, dakaru nawa ke hayewa
a jifa ɗaya ta ɗan lido?
Ka yi gum.
Jiya saura ƙiris Sagir ya kife teburin.

Mun ƙoshi da jarumai masu takobin wuta.
Ba mu taswira mai tudu da kwari,
gaya mana me jakunan kaya za su ci,
wa ke binne waɗanda suka faɗi.
Rundunata kuwa, da na shafe wa fenti da tsinken tsintsiya
damina uku,
kar ka kashe ta da layi guda
don in sayi wata.

Barira, ƙanwar Tasi'u, ta karanta shafi na saba'in sau biyu,
ta rufe, ta ɗora kofin shayi a kai,
ta zaro biro.
Dokar gulbi yanzu tana bayan rasit ɗin walda.