Taga ta Huɗu

Ni ce Nieves, mai taga ta huɗu
a ofishin rajistar gari, ƙasan bene,
inda fanka ke ta juyi
ba ta taɓa cin galabar Agusta ba.

Littafi biyu ne a gabana.
Na gari tambayarsa ɗaya tak:
a ina kake kwana?
Na Madrid kuwa, mai hatimi da nauyin dutse,
ba ruwansa da katifarka,
kwanaki yake ƙirgawa kamar mai bin bashi.

Zhor ta iso da sanyin Disamba, tsinkar zaitun.
Wata huɗu aka yanka mata, ba ƙarin ko yini.
Shekara goma sha ɗaya ke nan tana zuwa tana komawa.
Na buga lissafin a bayan ambulan:
wata arba'in da huɗu a gindin itatuwanmu.
Madrid ta ce kowace shekara sabuwar fuska ce.
Karen gidan Eusebio dai ya san takunta,
ya daina haushi tuntuni.

Wilmer mako biyu ya ce zai yi.
Ga shi shekara ta uku yana ɗaga tsohuwa Paquita
daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa gado.
A littafin gari mazauni ne, lamba sha tara, Layin Maƙera.
A littafin ƙasa hayaƙi ne.
Rasit na wuta, na kantin magani,
tikitin bas da rubutunsa ya koɗe,
duk yana tarawa a gwangwanin biskit
saboda ranar da za a ce masa:
kawo shaidar cewa ka kasance.

Akwai kuma Sigrun, 'yar arewa mai farar hula,
da ke bin rana kamar shamuwa da damina.
Wata biyar, sai ta ja tagogi ta rufe.
Ita ba a tambayarta komai.
Gidanta na barci, kuɗin haya na farke.

A zauren majalisa an yi ta kai ruwa rana.
An auna mana likita da ƙidayar bazara,
lokacin da garin ya zama kango.
Da hunturu mun ninka,
layin asibiti ya kai bakin coci.
Magajin gari ya buɗe tsohon sito, gado sittin,
ya rubuta wa Madrid. Amsa ta zo bayan girbi:
waɗannan ai masu wucewa ne.

Malamar aji uku ta leƙo jiya:
'Yar Doina fa, in saya mata littafin shekara,
ko in ara mata na wata uku?
Na ce saya.
Ban san da wace doka na faɗa ba.

An ce baƙo raɓa ne.
To raɓar da ta shekara goma tana sauka wuri guda
me za a kira ta?

Babana ma shekara biyu ya ce zai yi a Jamus.
Sha bakwai ya yi.
Akwatinsa na kan kabad, bai taɓa kwance igiyarsa duka ba,
kujera ɗaya ya saya, don me zai sayi biyu?
Ya dawo da tari da agogon bango,
da harshen da bai ishe shi faɗa da likita ba,
domin ba a koyar da mai tafiya gobe.

Shi ya sa in na kai gurbin nan na fom,
tsawon zama,
alƙalamina kan yi ɗingishi.

Ranar tafiyarta, Zhor ta ajiye min tukunyar na'ana'a
a kan dakalin taga.
Ki riƙa ba ta ruwa, ta ce, sai Disamba.
Babu gurbinta a littafin gari,
Madrid ba ta san da ita ba.
Yau da safe na ga ta fid da sabon ganye,
saiwarta har ta leƙo ta ƙasan tukunya.