Zoben Gaban Madubi

Toivo ya ce ba a buƙata.
Shekara arba'in yana huda takarda
a filin harbi na bayan Kuopio:
ƙaramar bindiga, harsashi kamar ƙwayar wake,
tsohon madubin hange, ba zobe, ba murɗawa.

Sirkka, jikarsa, ta leƙa ciki.
"Kaka, in na ɗan gusa kai,
gicciyen nan yawo yake kan baƙin ɗigo
kamar sauro bisa tafki.
Mita ɗari aka saita shi, mu hamsin muke harbi."

"Laifin kuncinki ne.
Kwantar da shi inda ya kwana jiya."

Ta tara kuɗin tsintar 'ya'yan daji,
ta sayo mai zobe a gaba.
Ta murɗa zuwa hamsin,
gicciye ya tsaya cak.
Harsashi biyar, rami ɗaya mai kunnuwa.

Nasa biyar ɗin ma haka. Bai ce uffan ba.

Dusar ƙanƙara ta soma zuba,
ta je mota ɗauko kofi.
Ta dawo, ga shi kan bencinta,
tabarau a goshi,
babban yatsa na lallaɓar zobe.

"Dubawa nake," in ji shi,
"ko ya yi tsatsa."