Kwafi Ɗari Uku

Shekara ashirin da biyu ina tuƙa taragon tudu a Valparaíso,
igiyar ƙarfe na kuka kamar ƙyauren da ya manta da mai.
Hawan bai kai minti biyu ba.
A cikinsa na rubuta littafin nan,
layi guda a bayan tikiti,
layi guda a tafin hannu in tikiti ya ƙare,
da dare in juye su a gwangwanin shayi.

Gidan ɗab'i huɗu na aika wa a Santiago.
Uku ba su ce uffan ba.
Na huɗun ya maido da shi da sawun kofin gahawa a shafin farko.
Ko banza, na ce, ya yi wa wani amfani.

Sai Fresia ta kwance ƙullin kuɗin gyaran rufi.
Ta ce, "Yoyon nan ya girmi 'yarmu, ya saba jira.
Kai ne ba ka da lokaci, Baldomero,
furfura ta sauko har gira."

Erasmo Tapia, mai buga katin biki da kalandar kantin magani,
ya zaro fensir daga bayan kunne ya yi lissafi:
ɗari uku, takarda mai araha, bango ruwan toka.
Ranar ɗauka na rungumi kwalin farko,
na shaƙi tawada har kaina ya sara.
A shafi na arba'in da ɗaya
sunan kwalekwalen mahaifina ya rasa harafi guda.
Dare uku na zauna da biro
ina mayar masa da abinsa, sau ɗari uku.

Ranar ƙaddamarwa, a zauren ƙungiyar masunta,
na jera kujera sittin.
Ruwan Yuli ya kece kamar da bakin ƙwarya.
Mutum tara suka shigo, biyu fakewa suka zo yi,
ɗaya ya yi barci tun ban gama godiya ba.
Millaray ta ɗau hoto ta gefen da kujeru ke da mutane,
ta watsa ta waya.
Masu yabo ɗari biyu. Masu saye huɗu.

Sauran suka koma ƙarƙashin gado.
In ruwa ya sauko, Fresia kan tashi ta lulluɓe su da leda,
ba ta kallona, ni ma ba na kallon rufi.

Na koyi ajiye guda a tagar tikiti.
Na koyi cewa "ni na rubuta" ba tare da na yi tari ba.
Baƙi 'yan yawon buɗe ido su ɗaga shi, su yi murmushi,
su ɗau hotona da shi, su ajiye,
ƙararrawa ta kaɗa, mu hau.

Wata Asabar na sauka bakin teku sayen kifi.
Teburin Eduvigis Millán ya daina rawar da na san shi da ita.
Na duƙa: bango ruwan toka, a ƙarƙashin gajeriyar ƙafa.
Na ji zafi har cikin haƙori.
Ta ga inda idona yake,
ta ɗaga teburin da gwiwa, ta zaro shi,
duk ɓawon kifi, duk ƙarni, shafuka sun kumbura.
"Sau biyu na karanta," in ji ta. "Duba tamanin da takwas."

Da jan fensir ta soke layi uku.
"Daren guguwar nan ba ubanka ya jefa igiya ba.
Yayana ne. Ubanka fitila ya riƙe,
yana kuka, yana kiran sunan kowa.
Ina nan. Shekarata goma sha ɗaya."

Ban taɓa sanin ya yi kuka ba.

Ta naɗe mini kifi a jarida, ta ƙi karɓar kuɗi.
"Kawo biyu gobe, ƙannena za su so su yi maka faɗa."

Saura ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Rufi na nan yana ɗiga.
Yau a hawa na farko, da fasinja ɗaya da karensa,
na juya tikiti na rubuta: fitila.