Baƙar Riga a Ƙusa

Ni na buga masa takardu shekara goma sha tara
a ɗakin nan na Bagalam mai taga ɗaya.
Injin tsoho ne, harafin "r" ya karye,
da biro nake cike gurbinsa.

Metir Nomau, ɗan mai awon gyaɗa.
Jajayen awaki uku uwarsa ta sayar
ya hau motar Yamai karatun doka,
da takalmin roba, da ƙullin gari.
Ya dawo da baƙar riga mai farin wuya,
yaran unguwa suka bi shi: ga hankaka, ga hankaka!
Ya ce ku bar su, ba su yi ƙarya ba,
aikina ke nan, mai da kukan wani nawa.

Shari'ar farko gonar Yahanazu ce a Jiratawa.
Wani attajiri ya zo da takarda mai hatimi biyu,
ita kuwa shaidarta gawo ɗaya da kabarin miji.
Wata bakwai muna safa da marwa a kotu.
Ran da alƙali ya yanke,
ba ta ji Faransancin ba,
fuskar Metir ta karanta, ta rangaɗa guɗa.
Ladansa kwandon zogale da zabi biyu.
Ɗaya ta kuɓuce a bakin kotu,
ya bi ta a guje, riga na tashi,
har jandarma ya riƙe ciki.

Sai 'yan siyasa suka fara sallama bayan isha'i.
Ina kawo shayi, ina jin rabin zance.
Wata safiya ya ce, Tsahara, na gaji da tsane ɗaki,
zan hau in toshe inda rufin ke yoyo.
Ya rataye rigar a ƙusa.
Hotonsa ya hau kowace dalbejiya
daga Zariya har hanyar Madarunfa,
an goge masa furfura, an ƙara masa kumatu.
Ya ci.

Depite.
Kafin asuba ƙofarsa ta cika:
mai takardar magani, mai suna jibi,
mai kuɗin lakwal, mai raƙumin da ya ɓata.
Da can gaskiya suke zuwa nema,
yanzu jaka biyar.
Ban ga laifinsu ba, gero ya yi tsada.

Ya rubuta doka kan gonakin talakawa,
shafi arba'in, ni na buga, na cika kowane "r" da hannuna.
Ta shiga kwamiti da ƙafarta,
har yau ba ta fito ba.
Akwai daren da na ji shi a rediyo yana tsawa,
na tashi tsaye ni kaɗai a tsakar gida.
Akwai kuma ranar da aka ce a ɗaga hannu
kan abin da na san ya tsana,
aka ƙirga da nasa.
Da ya zo hutu ban tambaya ba,
shi ma bai kalle ni ba da yake karɓar shayi.

Shekara goma. Famfo huɗu, aji shida,
hawan jini, da ƙaton gida da bai iya barci a ciki.
A karo na uku akwati ya juya masa baya.
Masu kirari suka bi inuwa zuwa wata ƙofar,
har mai shara ya daina zuwa.

Talatar da ta wuce muna zaune, ba aikin fari ba na baƙi,
wani saurayi ya yi sallama, ƙafa duk taɓon gulbi.
Jikan Yahanazu ne.
Gonar dai, gawon dai,
sabuwar takarda, hatimi uku.

Metir ya daɗe yana duban ƙusa.
Asu ya ci kafaɗar rigar,
farin wuyan ya koma ruwan ƙasa.
Ya sauko da ita, ya kakkaɓe, muka yi tari.
Ta ƙi rufe masa ciki.

Ya ce, Tsahara, injin nan na aiki?
Na ce ban da "r".
Ya ce ɗauko biro.