Jini a Jikin Tuffa

Babana Nevzat, mai shayin jirgin fito,
shekara talatin da ɗaya yana ratsa ruwan Santambul,
faranti bisa tafin hannu,
igiyar ruwa ba ta taɓa ƙwace masa kofi ba.
Ƙwayar sukari yake maƙalewa a kumatu,
irin shan mutanen Erzurum,
shayi ya bi ta kanta ya wuce.

Ni na fara gani.
Ya gatsi tuffa, ya miƙo mini ragowa,
sai ga ja a sawun haƙoransa.
Ya ce, "Gülizar, buroshin ne mai tauri."
Kullum da asuba ya tofar, ya murɗa famfo,
ruwa ya gudu da shaida.

Shekara tara muna zargin buroshi.

Ranar da abin ya zo, a matakala ta huɗu ya same shi.
Kofi goma sha biyu suka tarwatse,
ya dafe ƙirji,
yana ba fasinjoji haƙuri.

A asibiti, bayan an buɗe jijiyar da ta toshe,
likita Ferda ta ce ya buɗe baki.
Ya harare ta:
"Ƙirji na kawo miki, 'yata."
Ta haska fitila, ta daɗe tana duban
dasashin da ya kumbura, ya janye kamar ruwan rani
ya bar haƙora tsaye a bakin gaɓa.

Ta ce, "Ban ɗora wa baki laifin duka ba.
Akwai taba, akwai gado, akwai shekaru.
Amma inda bango ya tsage
ka san mai shiga.
Ƙwayar cuta ta samu jini, ta samu jirgi,
kumburi kuwa ba ya tsayawa inda ya sauka."

Babana ya yi shiru.
Ya fi kowa sanin
gaɓa biyu, ruwa ɗaya.

Yanzu yana sakace da zare, yana mita,
yana zuwa wankin haƙori kamar mai zuwa biyan tara.
Shayinsa ba sukari. Wai ɗanɗanon tsatsa.

Ni kuma duk Talata sai na sayo tuffa.
In ya gatsa, in ce ya sam mini.
Yana zaton kwaɗayi ne.
Sai in juya ta wajen taga,
in karanta farin wurin
a hankali,
kafin in ci.