Kusurwar da Ba a Shafa Ba

Hawa na uku, birnin Pécs, tsakiyar Yuli.
Vendel na kan tsani tun da hantsi,
ya cinye bango uku da farin fenti,
saura kusurwar da ke saman taga.

Can inda bango ya haɗu da silin
ya hangi wani abu kamar ɗigon auduga,
tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba.
Ya ɗaga tsumma zai share.
"Dakata," in ji Piroska daga ƙasa.

Tana zaune kan akwatin ƙarshe,
sauran kaya an kwashe tun jiya.
Shekara talatin da huɗu ta yi tana koya wa yara
sunayen ƙwari da na ciyawa.
Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya dushe,
ɗanta ya sama mata ɗaki a gidan tsofaffi,
wannan kuwa na sayarwa ne.

Ta miƙa masa madubin ƙara girma.
"Ni ba na iya hawa. Ara mini idonka."

"Yana ce kawai."
"Shimfiɗaɗɗiya, mai jiran ƙuda?"
"A'a, rufaffiya, kamar 'yar jaka."
"To ba tarko ba ne, ɗaki ne. Leƙa."

Ya leƙa. Ta cikin siririn zare
wani abu ya motsa, launin bambaro,
fari-fari, ya ɗan ja zuwa rawaya,
kamar man shanun da aka bari a rana.
"Ƙafafun gaba sun fi sauran tsawo."
"Bakin ƙafar fa?"
"Baƙi-baƙi, kamar ya taka toka."
"Bakinsa?"
"Duhu, mai sheƙi. Ga kuma wani ɗan layi
ya ratso bayansa, bai kai ƙarshe ba."
"Idanu takwas, jeri biyu," ta ce,
"ba sai ka ƙirga ba, na ƙirga maka tun kana goye.
Gizo-gizo mai jaka ke nan.

Ba ya saƙa don ci, sai don kwana.
Rana ta fito, ya rufe ƙofa;
dare ya raba, ya bi bango da ƙafa
yana farautar abin da ke ci mini fulawa.
In ka firgita shi, ya saki zare ya faɗo,
kafin ka waiga ya shige bayan labule."

Vendel ya janye hannu. "Yana cizo?"
"In ka danne shi cikin hannun riga.
Zafin kamar harbin zuma,
ya kumbura, ya yi ja, ya wuce.
Labarin ruɓewar nama da kake ji,
mafi yawansa ƙarin gishiri ne."

Ya sake kai madubin, ya daɗe shiru.
"Akwai wani ƙulli a ƙarƙashinsa,
ƙananan ƙwayoyi, kamar gero."
Piroska ta dafa akwati ta miƙe.
"Ashe uwa ce. Ta kulle kanta da ƙwanta,
ba ta fita sai sun fashe.
Kwana goma sha, ko mako biyu."

"Masu saye za su zo ran Litinin."
"Na sani," ta ce, ta koma ta zauna.

Jirgin sama ya wuce. Fenti na tsanewa a buroshi.
Vendel ya dubi agogo, ya dubi tsohuwa,
sai ya tsoma, ya ja layi a hankali,
ya kewaye jakar ta dama da hagu,
ya bar tsohon launi, faɗin tafin hannu.

Ran Litinin matar mai saye ta ɗaga kai.
"Can fa? An manta ne?"
Vendel na naɗe leda bai juyo ba.
"Akwai mai ɗaki a ciki," ya ce,
"wa'adinta bai cika ba tukuna."