Aisi Mai Taga

Sallau tela ya kawo allon injin surfaninsa
a cikin ledar burodi.
Ya ce furen ya daina rufe baki,
kullum ganye ɗaya sai ya nufi gabas.

Na zare aisin a hankali. Ƙafa ashirin da takwas,
ɗaya ta ɗan lanƙwashe.
A gadon bayansa 'yar farar takarda,
rubutun Malam Barmo da jan biro,
bakwai ɗin nan tasa mai ɗamara a ƙugu.
Shekara tara ke nan da muka kai shi Ɗan Takum.

Kafin komai na karanta, na adana.
Haka ya koya mini a rumfarsa ta Ƙofar Ƙwaya:
kada ka goge abin da ba ka kwafa ba.
Yana faɗa yana ɓarar gyaɗa.
Na jera shi da kwafin asali,
gida dubbai suka amsa sallama,
ɗaya ya yi gum.
Ga inda ganyen Sallau yake ɓacewa.

Sai na sa farce na ɓamɓare takardar.
Taga ta fito, ƙanƙanuwa, kamar idon tarwaɗa.
Na sa shi a aljihun fitilar gogewa,
minti ashirin take so.
A na shida aka ɗauke wuta.

Da Malam ne, da ya ɗora shi kan kwanon rumfa
ya bar wa ranar bazara aikin,
mako uku, ko huɗu, ba ya ƙirgawa.
Sallau kuwa Juma'a zai ba da kaya.
Na ja waya daga janaretan Tambai mai markaɗe,
aka goge aikin maigidana
cikin ƙamshin tattasai.

Na sake karantawa:
FF, FF, FF, har ƙasan allo.
Wofin aisi ashe cike yake,
ɗaya-ɗaya ne maƙil a kowane gida.
Mai rubutu ragewa yake yi,
ya kashe wannan, ya bar wancan.

Na danna. Layin ya tafi, ya cika, ya ce daidai.
Na rufe tagar da sabuwar takarda,
na sa kwanan wata. Hannuna bai kai nasa kyau ba.

Tsohuwar tana nan manne a yatsana,
gamonta bai mutu ba.
Na liƙa ta a cikin murfin akwatin kayan aiki.
Sallau yana ƙofa yana neman ragi.